KE DA KIKA ZAUNA A GIDA RANAR ZAƁE

'Yan'uwana mata, musamman na Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi da Girkau. Yau faɗa na zo yi da ku, kuma ba zan ɓoye ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗan kuwa a kan wata magana ce da ta zama ruwan dare a bakin mata duk lokacin da zaɓe ya matso. Za ka ji mace tana tuƙa tuwo tana cewa, "Ni ba ni zuwa ko'ina, mi ƙuri'ata guda za ta yi?" Wata kuma ta ce, "Ai an riga an rubuta wanda zai ci, wahalar banza ce." In matan wata jiha suka faɗi haka sai a yi musu uzuri. Amma mu 'yan Jihar Sakkwato, mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, wallahi ba mu da bakin faɗin wannan magana.

Bari in tuna miki abin da ya faru, ko da kin manta ko kuwa lokacin kina ƙarama.

Ranar 9 ga Maris, 2019, aka yi zaɓen gwamna. Manyan 'yan takara biyu ne, Aminu Waziri Tambuwal na jam'iyyar PDP da Ahmed Aliyu Sokoto na APC. Da aka ƙidaya, Tambuwal yana da ƙuri'a 489,558, Ahmed Aliyu yana da 486,145. Tazarar da ke tsakaninsu 3,413 ce kacal, alhali masu rajista a rumfuna 136 da aka soke zaɓensu sun kai 75,403. Saboda haka hukumar zaɓe ta INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba, sai an sake a waɗannan rumfuna. Aka sake ranar 23 ga Maris. Aka yi ta karɓar sakamako ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har ya rage saura guda ɗaya. Kin san wace ce? Kebbe! Jihar Sakkwato gaba ɗayanta, da mutanen Abuja da na Legas, kowa ya kasa kunne yana jiran abin da zai fito daga akwatunan ƙauyukanmu. Da sakamakon Kebbe ya iso aka haɗa lissafi, Tambuwal ya tashi da 512,002, Ahmed Aliyu da 511,660.

Ɗauki alƙalami ki cire da kanki. Ƙuri'a 342. Da wannan aka ba mutum mulkin jiha mai ƙananan hukumomi 23 na tsawon shekara huɗu. An je kotu, har Kotun Ƙoli, kuma a watan Janairu na 2020 ta tabbatar da sakamakon. Wadda ta tsaya a gaban duniya ta karanta wannan sakamako ma mace ce 'yar'uwarki, Farfesa Fatima Mukhtar, shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse a wancan lokaci.

Yanzu don Allah 'yar'uwa, mutum 342 su nawa ne? Matan da kan taru a yinin biki guda a Sanyinna in gidan mai jama'a ne, za su yi kusa da haka. In aka raba 342 ga ƙananan hukumomi 23, kowace ba ta wuce mutum goma sha biyar ba. In aka raba ga mazaɓu 244 da ke jihar, kowace mazaɓa ba ta samu mutum biyu cikakku ba. Ke da kishiyarki kun isa. Bugu da ƙari, da mutum 172 daga cikin waɗanda suka dangwala wa mai nasara sun dangwala wa ɗaya ɓangaren, da labari ya sha bamban. To ina maganar "mi ƙuri'ata guda za ta yi?" Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan waɗanda ba su fito ba. A wannan zaɓe masu rajista a jihar sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, waɗanda suka jefa ƙuri'a kuwa miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Ke nan mutum sama da dubu ɗari bakwai suna da suna a littafin hukumar zaɓe, amma ranar suka yi zamansu. Jam'iyyar 'yan zaman gida ta fi PDP yawa, ta fi APC yawa, sai dai ba ta da gwamna, ba ta da ɗan majalisa, ba ta da ko kansila. Wasu mutum 342 suka yanke musu hukunci, suka kuma zauna a ƙarƙashinsa shekara huɗu, ko sun so ko sun ƙi.

Kada ki ce wannan sau ɗaya ya taɓa faruwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, a nan Jihar Sakkwato Atiku Abubakar ya samu 288,679, Bola Tinubu ya samu 285,444, tazara 3,235. A zaɓen sanatan Sakkwato ta Kudu, wato yankinmu na Tambuwal da Kebbe da Shagari da Yabo da Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna a watan Afrilu na wannan shekara, kuma tazarar ba ta kai dubu biyar ba. A Jihar Osun a 2018 da ƙuri'a 482 aka ci kujerar gwamna. Can Amurka ma, ƙasar da ake ganin ta gagara, a shekarar 2000 ƙuri'a 537 a Jihar Florida ce ta ba George Bush shugabancin ƙasa a kan Al Gore. Gani ya kori ji.

"AI GARINMU NA WANE NE"

Akwai wata magana kuma da ke kwantar da mata a gida. Mai goyon bayan wanda ake ganin ya fi ƙarfi a gari sai ta ce, "Ai namu ya riga ya ci, ko na je ko ban je ba." Mai goyon bayan ɗaya ɓangaren kuma ta ce, "Ai nan garin ba a kayar da su, don me zan sha rana?" Duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskure iri ɗaya. Ƙuri'ar gwamna ba a gari ake yanke ta ba, ta jiha duka ake tarawa. Ƙuri'arki ta Sanyinna da ta wata mata a Illela ko Isa ko Tangaza nauyinsu ɗaya a ma'auni. Ko da 'yan takararki sun sha kaye a rumfarku, ƙuri'arki tana nan cikin jimla, ba ta faɗi ƙasa ba.

Sannan wa ya gaya miki Jihar Sakkwato gadon wata jam'iyya ce? Duba ki gani. Ranar 23 ga Fabrairu, 2019, Muhammadu Buhari na APC ya ci jihar nan da tazarar da ta haura dubu ɗari. Bayan mako biyu kacal, a jiha ɗaya, da mutane ɗaya, PDP ta shiga gaba a zaɓen gwamna. A 2023 kuma abin ya juya. PDP ta sha da ƙyar a zaɓen shugaban ƙasa, bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Ahmed Aliyu na APC ya ci gwamna da 453,661, Sa'idu Umar na PDP yana da 404,632. In kika haɗa ƙuri'un manyan jam'iyyun biyu, za ki ga na zaɓen gwamna sun fi na shugaban ƙasa da sama da dubu ɗari biyu da tamanin. Ma'ana, a jiha irin tamu da laima da tsintsiya suka yi kankankan a zaɓuɓɓukan 2019 da 2023, wanda mutanensa suka fito shi ke ci, wanda nasa suka yi barci shi ke kuka. 'Yan siyasa sun san wannan sarai, shi ya sa suke aiko motoci da 'yan kai-da-kawowa har ƙofar ɗakinki. Sun san darajar yatsanki. Ke ce kawai ba ki sani ba.

Tun da an zo maganar jam'iyya, bari in taɓa masu gaba. Haba mata! Maƙwabciyarki da kuke aron turmi da taɓarya, wadda ta kwana a kanki ranar naƙuda, kin daina gaishe ta saboda ita 'yar laima ce ke 'yar tsintsiya? Ki tuna, mutum biyun nan da suka kara a 2019, a 2015 tikiti ɗaya suka tsaya a APC, ɗaya gwamna ɗaya mataimaki. A 2018 suka raba gari. Manya sukan haɗu su rabu su sake haɗuwa, suna gaisawa a wajen ɗaurin aure da jana'iza, ke kuma an bar ki da ƙullin zuciya da wadda katanga ɗaya ta raba ku. Ki zaɓi wanda ranki ya kwanta da shi, ita ma ta zaɓi nata, ku dawo ku ci gaba da zumuncinku.

"AI MAGUƊI AKE YI"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Ana maguɗi, ana sayen ƙuri'a, ana tayar da hargitsi, shi ya sa ma ake soke rumfuna. Amma ki yi tunani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rumfar da aka yi wa mutum ɗari bakwai rajista, ɗari biyu suka fito, ta bar takardun mutum ɗari biyar a ajiye, kuma irin waɗannan ne ɓarawon zaɓe yake kwaɗayi. Rumfar da jama'a suka cika, suka jefa, suka tsaya aka ƙirga a gabansu da babbar murya, aka rubuta aka manna a bango, taɓa ta sai an sha wuya. A zaɓen 2023 an yi aiki da na'urar BVAS mai duba yatsa ko fuska kafin a ba mutum takarda, kuma inda ƙuri'u suka fi yawan waɗanda na'urar ta tantance, doka ta ce a soke. Na'urar ba ta kashe maguɗi ba, amma ta ƙuntata masa hanya. Kuma in da gaske an riga an rubuta sakamako tun daga sama, me ya sa aka kwana ana jiran Kebbe? Mai rubuta ƙarya ba ya ba kansa tazarar 342. Zamanki a gida bai hukunta mai maguɗi ba, sauƙaƙa masa aiki kika yi.

Wata kuma za ta ce, "Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kowa ya hau kansa ya sani." To na ji. Amma ko a kasuwa in tumatir duk ya yi laushi, ai ba kya dawowa hannu rabbana ki ce yau ba miya. Tsayawa kike ki tona ki zaɓi mai dama-dama. Kuma babban amfanin ƙuri'a shi ne tsoron da take sa wa mai mulki. Wanda ya san da ƙuri'a 342 ya tsira, ya san matan unguwa ɗaya in suka yi fushi za su iya sauke shi. Wanda ya san ba kwa fitowa kuwa, me zai sa ya tuna da ku?

Ki dubi abubuwan da ke hannun gwamna da ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma. Asibitin sha-ka-tafi na garinku, ko akwai ungozoma da dare ko babu. Makarantar firamaren da ɗiyanki ke zama, ko da rufi da malamai ko babu. Famfon burtsatse, takin zamani, hanyar da za a bi da mai naƙuda zuwa babban asibiti cikin damina. Duk waɗannan wa suka fi shafa? Namiji in gari ya yi zafi yakan ɗauki jaka ya tafi cin rani. Ke ce a gida da yara, ke ce da jan guga, ke ce da jinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To don me mai ɗakin za ta yi shiru ranar da ake tambayar wa za a ba gyaran rufi?

MASU SAYAR DA YATSA

Yanzu na juyo kanki, ke da kike fita amma sai an ba ki. Sabulu sanda biyu, taliya, ɗan ƙullin magi, turmin atamfa in an yi miki da kyau. Kina murna kina cewa kin ci rabonki. Mu yi lissafi irin na mata. A ce naira dubu biyu aka ba ki. Shekara huɗu kwana 1,461 ce. Raba ki gani, ko naira biyu ba ta kai ba a kowace rana. Wace sana'a kike yi da za ki yarda da wannan ciniki? Ko ƙuli-ƙuli kike sayarwa ba za ki sallama haka ba. Kuma wanda ya saya ya biya, ba ki da sauran bakin tambayarsa ina asibiti, ina ruwa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da ya raba kuma ba daga gonar ubansa zai mayar ba, daga kuɗin maganin ɗanki zai cire. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na san akwai talauci, na san akwai gidan da taliyar nan ita ce abincin daren. Ban zo in yi wa mai yunwa gori ba. Abin da nake so ki sani shi ne, sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi ne a dokar zaɓe, kuma a cikin ɗan akurkin da ake dangwalawa ba kowa sai ke da Mahaliccinki. Ba wakilin jam'iyya da ke da ikon leƙa takardarki. Kada kuma ki ba kowa katinki ya "ajiye miki," ko ya rubuta lambarsa da sunan za a kawo tallafi. Katin da ya bar hannunki kafin zaɓe, wata ƙila ba za ki sake ganinsa ba sai an gama.

GA MASU GIDA

Na san littafin nan yakan faɗa hannun maza, to Malam, ga taka. Ba na cewa matarka ta fita ba da izininka ba. Ina roƙonka ka ba da izinin. Kana barinta ta je biki da suna da gaisuwar mutuwa da awon ciki, wannan ma fita ce ta lalura, sau ɗaya ko biyu a shekara huɗu. Ƙa'idar hukumar zaɓe ta yarda a yi layin mata daban da na maza a inda al'ada ta buƙaci haka, kuma ana gabatar da masu ciki da masu goyo da tsofaffi. In kana da mata biyu da 'yan mata biyu da suka kai shekara 18, ka hana su fita, gidanka mai murya biyar ya koma mai murya ɗaya. Wa ka cuta? Kuma in sun fita, ka bar su da zaɓinsu. Shawara dai a yi ta a gida cikin mutunci, amma katin sunanta ne a kai.

Mu kuma mata mu tuna, wannan dama ba a kan tabarma aka miƙo mana ita ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa an hana su. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mana ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta sha duka ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan wannan magana. Kakanninmu sun ga zaɓe ya wuce su suna kallo. Mu kuma 'yan ƙasar Nana Asma'u ne, ɗiyar Shehu, wadda ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a cikin gidajensu. Ba mu gaji zaman "ba ruwana" ba. Amma duba inda muke, a zaɓen 2023 kujeru 30 na Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba mace ko ɗaya, alhali a ƙasar nan kusan rabin masu rajista mata ne.

Ban haɗa da 'yan'uwanmu na ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba ba, waɗanda suka bar gidajensu ko suke kwana da fargaba. Rai ya fi ƙuri'a, kuma Allah ya kawo musu sauƙi. Sai dai halin da suke ciki ƙarin nauyi ne a kan wadda take zaune lafiya, rumfa tana bayan gidanta, ta ƙi fita don rana ko don wanki.

ABIN YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kin kai shekara 18 ba ki da kati, ki kasa kunne, duk lokacin da aka buɗe rajista ki je. In kin yi rajista ba ki karɓa ba, ki je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarku ki karɓa da kanki. In aure ya kawo ki Sanyinna daga wani gari, ki nemi a mayar da rajistarki inda kike tun da wuri, domin amare da yawa a nan suke asarar ƙuri'arsu.

Ki koyi dangwalawa. A zagayen farko kaɗai na zaɓen gwamna na 2019, ƙuri'un da suka lalace sun haura 30,000, a zaɓen da aka ci da 342! Waɗannan mutane sun fito, sun sha rana, amma aikinsu ya tafi a banza. Ki san alamar jam'iyyar da kike so tun daga gida. Ki dangwala sau ɗaya, a cikin akwatin da ke gefen alamar, kada tawada ta haura layi. Ki bari ta ɗan sha iska kafin ki naɗe takardar. In kin iya, ki koya wa uwar mijinki da maƙwabtanki.

Ranar zaɓe ki yi sammako, ki ɗora abin karin kumallo da wuri, ku yi karɓa-karɓar tsaron yara da matan gida. Sannan ki ja kunnen ɗanki da ƙaninki, kada a ba shi ƙwaya da gora ya je ya fasa akwati. Duk rumfar da aka soke saboda rigima, ƙuri'ar uwarsa ce ta fara zubewa, kuma 'ya'yan wanda ya aike shi suna can makaranta.

Ban ce ki zaɓi wane ko wane ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Cewa na yi ki fita. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kuwa kin ƙi, to ranar da aka je asibiti ba magani, ko famfo ya shekara a mace, kada ki ɗora hannu a ka kina cewa shugabanni ba su da tausayi, domin ranar da aka tambaye ki kin ce ba ruwanki. Da na sani ƙeya ce.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.